Katin Zinariyar Yaya Sule da Ƙofar da Ba a Ƙwanƙwasa Ba

A wannan watan aka cika shekara bakwai da muka ɗauko gawar yayana Sule daga Kaduna muka kai shi makwancinsa a Ringim. Duk shekara in watan ya kama sai in ce bana kam zan yi rubutu a kansa a wannan fili, in ɗauki biro, in juya shi, in ajiye. Abin faɗa yana nan jingim. Matsalar ita ce duk ta inda na ɓullo wa labarin sai in tarar da kaina a tsakiyarsa, kuma ba a wurin da mutum zai so a gan shi ba.

Bana babbar 'yarsa Hafsatu ce ta tono zancen ba tare da ta sani ba. Ta samu aiki a nan Dutse da wata ƙungiya mai kula da lafiyar mata masu juna biyu, aikin da zai riƙa kai ta bita Kaduna da Abuja kusan kowane wata. Wata guda da ya wuce ta zo gidana bayan la'asar, ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta miƙo min wayarta. Ta ce, "Baffa, ga katunan otal guda uku, an ce in zaɓi ɗaya in riƙa tara maki. Umma ta ce in kawo maka, wai kai ka san kan abin, kai ka zaɓar wa Abba nasa." Na karɓi wayar na ƙura mata ido kamar ina karantawa, alhali ko harafi ɗaya ban gani ba. Na ce ta ba ni kwana biyu in yi nazari.

Uwarta ba ta yi ƙarya ba, ni na zaɓar masa. Ga wanda bai san abin ba, manyan otal-otal masu rassa a garuruwa sukan ba matafiyi kati da sunansa a jiki. Duk kwanan da ya yi a wurinsu sai a zuba masa maki, in makin ya taru a ba shi kwana kyauta. In ya dage da sauka a wurinsu sai a ɗaga shi daga katin azurfa zuwa na zinariya, a fara yi masa wasu alfarmomi da ba a yi wa kowa. Dabara ce ta ɗaure baƙo don kada ya leƙa gidan maƙwabci, kuma ban ga laifinta ba, kowane ɗan kasuwa yana da irin tasa. Mai nama ma a kasuwar Ringim yana ƙara wa wanda ya saba da shi gyara.

Yaya Sule ma'aikacin lafiya ne a sakatariyar Dutse. Aikinsa koya wa ma'aikatan asibitocin karkara yadda ake adana alluran rigakafi cikin sanyi har su isa hannun jarirai ba su lalace ba. Saboda haka rabin rayuwarsa a kan hanya ya yi ta, yau bita a Kaduna, jibi taro a Abuja. Ƙato ne, mai faɗin murya, in ya yi dariya a zaure sai an ji a cikin gida. Shekara tara ya ba ni. Shi ya riƙa goya ni a keke zuwa firamare, shi ne kuma ya laƙaba min Bature tun ranar da ya ji ni ina gyara wa rediyo Turanci. Na girma na zama malamin Turanci a sakandare, sunan ya bi ni. Duk takardar da ta zo masa da ƙananan rubutu sai ya ce a kira Bature. Ni kuwa, Allah ya yafe min, ina jin daɗin hakan ƙwarai, don ƙanen da yayansa ke neman shawararsa ji yake kamar an naɗa shi sarauta.

Kafin zuwan kati, duk ɗan gidanmu da ya shiga Kaduna ya san masaukinsa. Gwaggo Asabe ce, ƙanwar mahaifinmu, wadda aure ya kai ta can tun muna yara, mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ya rasu ya bar ta a gidansu na Tudun Wada. Akwai wani ɗaki daf da zaure da kowa ya san na Yaya Sule ne. Sunan kakanmu aka sa masa, wato mahaifinta, don haka ba ta taɓa kama sunansa, Babana take ce masa. In zai je sai ya sayi dabinon Dutse a bakin tasha, ya haɗa da busasshen tumatir daga Ringim. Ita kuma tun kafin ya iso ta sa an share ɗakin an kunna turare. Da asuba za ta zo da kanta ta ƙwanƙwasa ƙofar da gindin buta, ba ta dainawa sai ta ji muryarsa. Da ciwon suga ya kama shi, likita ya ɗora shi a kan allura, sai ta ƙara wani aikin. In ya yi allurar safe sai ta tsaya a kansa da kwanon kunu mara sukari da ƙosai, ba ta motsawa sai ya ci, domin an gaya mata cewa yin allurar ba abinci yana iya kayar da mutum.

Zan yi wa yayana adalci, zaman gidan Gwaggo ba hutu ba ne. Wuta ba ta zama. Sauro ya san hanya. Jikoki sun taɓa zuba masa ruwa a kwamfuta. In ya dawo daga bita a gajiye da rahoton da zai rubuta, sai ya tarar da 'yan uwa shida a zaure an gaya musu ya zo, kowa da buƙatarsa. Sau da yawa yakan makara a wurin taro saboda Gwaggo ta ce ƙosan bai soyu ba tukuna. Ya sha yi min ƙorafin nan, yana yi yana dariya, amma ƙorafi ne na gaske.

Wata Asabar da hantsi ya aiko aka kira ni. Na same shi a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansa a unguwar Takur ta nan Dutse, ya baje takardun otal guda uku a kan tabarma. Na zauna na bi su layi-layi da jan biro kamar ina makin jarrabawa. Na farkon rassansa sun cika ƙasashen waje, amma babu ko ɗaya a Kaduna. Na ce wannan na masu hawa jirgi ne, Yaya kuwa iyakarsa Maraɗi. Na biyun yana da ragi mai tsoka, sai dai makinsa yana mutuwa duk ƙarshen shekara, ko ka ci ko ba ka ci ba. Na ukun yana da reshe a Kaduna da Abuja da Legas, yana ƙirga kwanan da ofis ya biya wa mutum, makin kuma ba ya mutuwa muddin ba ka bar wata uku sun wuce ba ka kwana a wurinsu ba. In ka kai zinariya, karin kumallo kyauta ne, sannan ranar da za ka tafi ba a tashinka da sha biyun rana kamar sauran baƙi. Ɗakin naka ne har ƙarfe huɗu na yamma, kuma babu ma'aikacin da zai taɓa maka ƙofa. Wannan layin na ja wa jan biro sau biyu. Na ce, "Yaya, ga garaɓasar nan. Mutum mai gajiya irinka, ka yi barcinka babu mai ƙwanƙwasa maka ƙofa."

Ya ɗauki takardar yana juya ta. Can ya ce, "To, Gwaggo fa?" Domin ya san, ni ma na sani, a wurinmu ka shiga garin da kake da uwa ka je ka kama ɗakin haya, ba ƙaramin cin fuska ba ne. Kamar ka ce mata tuwonta ba ya ciwuwa ne. Amsar da na ba shi tana nan a kunnena har yau. Na ce, "Kaduna fa gari ne babba. In ba kai ka faɗa ba, wa zai gaya mata ka zo?" Ya tuntsire da dariya ya ce, "Bature, Allah ya shirye ka." Amma ya miƙo min fom ɗin, ni na cike masa da hannuna. A wurin da aka ce a rubuta lambar wanda za a nema in wani abu ya faru, na rubuta tawa.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na karanta sharuɗɗan otal uku ban tsallake ko waƙafi ba, amma ban tsaya na tambayi kaina me gidan Gwaggo yake ba shi wanda ba a rubuta a takarda ba.

Shekara uku ya yi yana morar katin, kuma ya more shi da gaske. Ya kai zinariya a shekara ta biyu, ya zo har gida ya nuna min, yana goge shi da bakin riga. Ya ce a can da ya shiga ake gaishe shi da sunansa, an san yana son ɗakin da ba ya kallon titi. Ya fara wani buri kuma. Matarsa, Yaya Rabi, ba ta taɓa kwana a otal ba, ba ta taɓa ganin teku ba. Ya ce in makin ya kai na kwana bakwai zai ɗauke ta su tafi reshen Legas, su biyu kawai, ta zauna a yi mata girki ita ma. Da ya faɗa mata ta ce ya rufa mata asiri, amma na ga ta ɗinka sabon mayafi ta ajiye.

Da farko yakan raba ƙafa. Ya kwana uku a otal, ranar komawa ya biya ta Tudun Wada ya ce daga Abuja yake, wucewa zai yi. To, ƙarya ba ta da daɗin maimaitawa a gaban tsohuwar da ta yi maka wankan jego tare da uwarka. Gwaggo takan tambaye shi ya hanya, ya sojojin kan hanya, shi kuma ya yi ta ƙirƙiro amsa yana sunkuyar da kai. A hankali sai ya daina biyawa. Dabinon dai bai daina ba. Yakan saya a Dutse ya tafi da shi, in ya isa Kaduna ya ba wani mai adaidaita sahu ya kai mata, a ce saƙo ne daga tasha, direba ya kawo. Zumunta a ƙafa take, in ji Bahaushe. Mu muka mai da ita a leda. Ga kuma sharaɗin kati a gefe, don zinariya ba a riƙe ta sai da yawan kwana a shekara, duk daren da ya kai gidan Gwaggo asara ce a lissafin otal. Banza ba ta kai zomo kasuwa, na san karin maganar tun ina yaro, amma ban tuna da ita ba a lokacin.

Ranar da abin ya faru Juma'a ce. An gama bita ran Alhamis, abokan tafiyarsa suka kamo hanyar Dutse da sassafe. Shi ya ce zai huta, tunda ɗakin nasa ne har huɗu, in an sauko daga masallaci ya shiga mota. Bai fito karin kumallo ba. Mai sharar ɗakuna ta zo ta wuce, domin takardar hannunta ta nuna wannan ɗakin ba a taɓa shi sai yamma. Ta bi ƙa'ida, kuma ni na san ƙa'idar, ni na ja mata layi. Sai da huɗu ta gota aka kira wayar ɗakin ba a ɗauka ba, aka buɗe. Suka same shi a ƙasa gefen gado, allurar safe a kan tebur ya riga ya yi, babu alamar ya sa wani abu a cikinsa. Suka garzaya da shi asibiti, kuma har gobe ina gode musu, ba su yi sanya ba. Amma kafin magariba rai ya yi halinsa.

Lambata ce a fom, don haka ni aka kira. Ina zaune a ƙofar gida ina yanke farce. Da na dawo hayyacina na ga babu wanda ya fi kusa da shi sai mutanen Tudun Wada. Na kira Kabiru, babban ɗan Gwaggo, na ce ya yi maza ya je asibiti kaza. Na ji Gwaggo ta karɓe wayar daga hannunsa. Ta ce, "Auta, wane asibiti? Na Dutse?" Na ce, "Na nan Kaduna, Gwaggo." Sai ta yi salati, ta miƙa wa Kabiru wayar. Ba ta tambaye ni me ya kawo shi ba, ko yaushe ya zo, ko a ina ya sauka. Abu ɗaya ta kafe a kai, ta ce ba zai kwana a hannun baƙi ba. Aka kawo shi gidanta, aka shimfiɗe shi a ɗakin nan na kusa da zaure, a nan aka yi masa wanka. Da gari ya waye muka ɗauko shi zuwa Ringim.

Na tambayi likitan da ya karɓe shi, na ce da an same shi da wuri fa? Ya ce, "Malam, Allah ne masani." Yana faɗa yana kallon takardar gabansa. Ni Musulmi ne, na yi imani ajali ba ya gaba ba ya baya, da Yaya Sule a cinyar Gwaggo yake ranar, in kwanansa ya ƙare sai ya tafi. Na gaya wa kaina wannan ya fi sau dubu. Amma imani da ƙaddara bai taɓa hana mutum gane sawun ƙafarsa ba. Na san a gidan da na raba shi da shi, ba a kai hantsi ba a ji muryarsa ba.

Makin kuwa, bayan sadakar arba'in na rubuta wa otal ɗin ko za a mai da shi sunan matarsa. Suka amsa cikin ladabi da ta'aziyya, suka ce maki yana ƙarewa da mai shi, kuma yana nan a cikin sharuɗɗa. Na duba, yana nan. Na karanta layin a ƙarƙashin darbejiya, na wuce shi, don a ranar mutuwa ba ta cikin lissafina. Da na gaya wa Yaya Rabi sai ta ce, "Ni da wa zan je in ga tekun?" Mayafin nan ta ba da shi sadaka.

Nakan tambayi kaina me Yaya Sule zai ce da ya ga yadda muke yau. Dutsen da ya bari otal-otal ɗinta a ƙirga suke da yatsu, yanzu duk titin da ka bi sai ka ga sabon allo. Komai ya koma kati da maki, gidan mai, kantin zamani, har mai sayar da magani. 'Yan uwanmu na Ringim da Garki in sun zo biki Dutse ba sa nemana sai a wurin ɗaurin aure, sun riga sun kama ɗaki. Abin da ya fi damuna, in faɗi gaskiya, daɗi nake ji. Ɗakin baƙin gidana buhunan masara ne a ciki da tsofaffin littattafai. Ga kuma halin da hanyoyi suka shiga, yanzu ɓoye tafiya ya zama wayo, mutum ya bar gari ko maƙwabcinsa bai sani ba, kuma ba za ka ce ya yi laifi ba. Abin da na koya wa yayana a ɓoye ina jin kunya, yau shi ne shawarar da ake ba kowa a fili. Ina jin da yana nan dariya zai yi ya ce Bature ya riga zamani. Ni kuwa abin ba ya ba ni dariya. Mun samu ruwan zafi da janareta da shiru, kuma duk abubuwa ne masu daɗi. Amma mutum nawa ne a cikinmu yake kwana a garin da in bai tashi ba wani zai damu kafin azahar?

Shekara bakwai ina zuwa gaida Gwaggo duk Sallah, ba ta taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban taɓa ba. Da Hafsatu ta bar min tambayarta sai na ga ba zan iya sake riƙe jan biro a kan katin otal ba alhali wancan kayan yana wuyana. Ran Asabar na shiga mota na tafi Kaduna. Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, ta tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, sai da na yi magana ta gane ni. Bayan mun gaisa, an kawo ruwa, na sa aka kori yara. Na gaya mata komai, takardun nan uku, da layin da na ja, da maganar da na yi cewa Kaduna gari ne babba. Na ce ni na raba ta da Babanta, ta yafe min.

Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce, "Auta, kai a ganinka ban sani ba? Dabinon da ake cewa daga tasha yake, a ledar otal yake zuwa, da suna da komai a jiki. Tun zuwan farko yaran nan suka karanta min. Kabiru ya ce zai je ya same shi, na hana. Na ce babba ne, kada a ba shi kunya, ranar da ya ga dama zai zo da ƙafarsa."

Ta gyara zama ta ci gaba. "Wancan satin ma na san yana gari, ran Laraba dabino ya zo. Ran Juma'ar da na idar da sallar asuba raina bai kwanta ba. Na sa aka nemo min lambarsa a waya, in tambaye shi ko ya karya. Wayar tana hannuna. Sai na ce in na kira shi da sassafen nan zai gane na sani, ya rasa inda zai sa kansa. Na ajiye." Ta goge ido da bakin mayafi. "Kai ka ce ya ɓuya, ni na taya shi ɓuya. Wa zai yafe wa wani a cikinmu? Mu roƙi Allah dai gaba ɗaya."

Na je in sauke kaya ne, na tarar tsohuwar nan ta fi ni ɗauka, kuma ita kaɗai ta ɗauka duk shekarun nan. Kara da kawaici halaye ne da muke alfahari da su, da su aka tarbiyyantar da mu, kuma ba zan zage su ba. Amma mu uku muka yi ta yi wa juna kara, shi yana gudun ɓata mata rai, ita tana gudun kunyata shi, ni ina ganin na yi dabara, har aka wayi gari babu wanda ya isa ya taɓa ƙofa ɗaya.

Kafin in taso na gaya mata zancen Hafsatu, na ce in ta yarda zan sa yarinyar ta riƙa sauka a gidanta. Ta ce a'a. Ta ce gidan ya cika da jikoki da 'ya'yan jikoki, ɗakin ma an ba wani, yarinya kuma aikinta na son wuta da natsuwa, ga ta mace, otal mai tsaro ya fi mata. "Ta kwana inda take so," in ji ta. "Amma duk ranar da ta shigo garin nan a gaya min, kuma a sa min lambarta a wayar nan."

Da na dawo Dutse na kira Hafsatu muka zauna. Na zaɓar mata kati, don aikin da ta kawo min ke nan, kuma tambaya ce mai kyau. Na ce ta fara duba wanda yake da reshe a garuruwan da take zuwa da gaske, ta rabu da mai hotunan ƙasashen da ba za ta je ba. Ta duba ko makin yana mutuwa, da yaushe. Ta duba ko ana ƙirga kwanan da ofis ya biya. Na ce kada ta tara maki don wani dogon buri, da ya isa kwana ɗaya ta ɗauki uwarta su je su ci abinsu. In kuma sharaɗin kati ya fara zaɓar mata inda za ta kwana da wanda za ta gani, ta jefar da shi. Sannan na ba ta labarin da ba ta taɓa ji ba, na darbejiya da jan biro. Ta yi kuka, ni ma na yi. Ba ta ce ta yafe min ba, ba ta kuma ce ta riƙe ni ba, ban kuwa matsa mata ba.

Me ya rage na Yaya Sule bayan shekara bakwai? Katin yana cikin durowata, ruwan zinariyar ya fara ɓarewa, ko ƙofar banɗaki ba zai buɗe ba. Makin ya bi iska. Amma a asibitocin ƙauyukanmu har yanzu nakan haɗu da ma'aikatan da in sun ji sunan gidanmu sai su ce shi ya koya musu duba sanyin firji safe da yamma, kuma akwai yaran da suke gudu a kan ƙafafunsu saboda hakan, ba su san sunansa ba. Akwai 'yarsa mai irin dariyarsa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya yafe mana mu da muka so shi muka yi masa shiru.

Satin da ya wuce Hafsatu ta yi tafiyarta ta farko. Da ta dawo ta biyo ta gidana da tsarabar burodi, tana ƙorafi tana dariya. Ta ce, "Baffa, Gwaggo fa ba ta bar ni na runtsa ba. Tun kiran sallar farko wayata take ƙara. Na ƙi ɗauka ta sake kira, na ƙi ta sake, sai a na huɗu na ɗauka." Na ce me ta ce miki? Ta ce, "Cewa ta yi wai an kira salla, kuma wai na karya? Da asubar fari fa, Baffa."

Na ce mata duk abin da na gaya mata a kan kati, in ta manta ba komai. Amma in tsohuwar nan ta kira, ta ɗauka tun a bugun farko.